Kwat ɗin Aro

Hannun kwat ɗin ya rufe wa mijina Vinko yatsu gaba ɗaya, ni kuma an hana ni sa masa almakashi. Na durƙusa a kicin, bakina cike da fil, ina naɗe hannun ta ciki ina sokewa, shi kuwa yana tsaye ƙiƙam yana kallon taga.

"Tsaya mana, tsoho. In na soke ka kada ka ce da gangan ne."

"Shekara da shekaru kina suka ta da baki, Zlata, yau fil ne zai ba ni tsoro?"

Na yi dariya don kawai ya ga na yi.

Haka ake yi a garinmu. Ofishin magajin gari yana da tarin kwat masu ruwan toka a cikin wani kabad. Duk ranar tunawa da yaƙi sai a raba wa tsofaffin sojoji su saka, su yi kyau a hoto, washegari a bi gida-gida a karɓe. Ba a yankewa, ba a ɗinkewa. Likitan ƙwaƙwalwar da yake zuwa duba su daga birni an janye shi tun tuni, har gizo-gizo ya yi saƙa a ƙofar ɗakinsa, amma kwat ɗin nan ba su taɓa makara ba.

Vinko bai taɓa sakawa ba. Mu wannan rana gudunta muke yi. Tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci nake ɗaure burodi da tsiran alade mai barkono a kwando, mu hau keke mu bi gaɓar kogin Sava har mu daina hango rufin gari. Ya jefa ƙugiyarsa, ni kuma in toshe masa kunnuwa da auduga. Dalilin jiragen yaƙi ne, da akan yi shawagi da su a wannan rana. Shekarar da wani ya ratsa ta saman gidanmu ƙasa-ƙasa, Vinko ya sauka ɗakin ƙasa inda muke ajiye dankali, bai hauro ba har dusar ƙanƙara ta zuba ta narke. A kan matakala nake ajiye masa abinci. 'Yarmu, wadda yanzu take aure a Zagreb, da safa ta koyi yawo a cikin gida don kada takunta ya firgita shi. Na sha wuya kafin in hauro da mijina daga cikin dankalin nan, kuma ba abin da nake tsoro a duniya kamar ya sake sauka.

Bana Tihomir ne ya zo da kwat a rataye a hannu. Ɗan maƙwabciyarmu ne, yanzu yana aiki a ofishin magajin gari, baki kamar zuma. Ya ce an sassaƙa sunan Mato, wani yaro ɗan rundunarsu, a jikin dutsen tunawa, kuma Vinko ake so ya ajiye furanni.

Ina jin sunan na san an gama da ni. A rundunar su Vinko akwai wata ƙa'ida da suka kafa wa kansu: duk sabon soja ana haɗa shi da tsohon hannu, sabon ya riƙa tsayawa a hagun tsohon. In jirgi ya taho, tsohon ba ya tsayawa bayani. Ya kayar da sabon, ya kwanta a kansa, ya danne masa kai. Vinko ya rufe yara da yawa haka. Mato ne kaɗai ya matsa ɗibar ruwa a rijiya, jirgi ya riga Vinko isa gare shi.

"Jirage fa?" na tambayi Tihomir.

"Haba Goggo Zlata, wa zai ɓata jirgi a kan ɗan garin nan namu? Can birni za su yi wasansu. Mu ƙararrawa ce da furanni da waƙar 'yan makaranta."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya kalle ni ɗin, ya maimaita, yana murmushi. Na san uwarsa, na goya shi yana jariri. Sai na yarda, ko dai in ce na ga yadda Vinko yake shafa kwat ɗin nan da tafin hannu, na rasa bakin hanawa.

* * *

An jera tsofaffin sojoji a kan kujerun roba a tsakiyar dandali, cikin rana, tun da hantsi. Rumfa ta manyan baƙi ce, su kuma ba su iso ba. Mu mata aka tara mu bayan shingen ƙarfe kamar masu jiran rabon kaya. Daga inda nake ina jin warin kafur yana tashi daga layinsu.

Jozo mai ƙafa ɗaya ne ya fara hango Vinko. Ya ɗaga sandarsa sama.

"A'a, su Vinko manya. Kai ma yau an ciro ka daga kabad an kakkaɓe?"

"Ni sau ɗaya aka ciro ni. Kai da ake shanya ka duk shekara, ga shi har ka koɗe."

"Zauna ka koɗe kai ma. Sai sun gama gahawarsu za su tuna sun bar mu a wuta."

Suka yi dariya, har Vinko. Na ɗan ji sanyi a raina, ga audugar da na cusa masa tana nan fari tas a kunnuwansa.

Da motocin baƙi suka iso, 'yan badujala suka kama busa, sai na ga Tihomir ya sunkuya wurin Vinko yana nuna kunnensa, yana nuna mai ɗaukar hoto. Ban ji me ya ce ba, amma na ga Vinko ya zare audugar ya sa a aljihu, kamar yaron da malami ya kama da alawa. Na kira sunansa, ganga ta cinye muryata.

Aka taso da shi aka tsayar da shi gaban dutsen, furanni a hannu. Fuskar Vinko irin wadda masu hoto suke so ce, doguwa, mai tabo a haɓa. Don haka aka jawo magajin gari aka manna shi kusa da shi. Magajin garin namu yaro ne, lokacin yaƙi ko rarrafe bai fara ba, siririn wuya cikin farar riga. A hagun Vinko aka tsayar da shi. Na lura da haka.

Babban baƙo daga Zagreb ya hau jawabi. Ya ce ƙasa ba za ta manta ba, ya sake cewa ba za ta manta ba. Ni ba shi nake kallo ba. Na ga malamar makaranta tana juya yara su fuskanci yamma. Na ga mai ɗaukar hoto ya ɗaga na'urarsa daga kan mutane ya saita ta sama, inda babu komai sai shuɗi. Na ga babban baƙo ya saci kallon agogonsa ya hanzarta magana. Sai shamuwoyin da ke kan rufin coci suka tashi gaba ɗaya.

Na kama shingen zan tsallake. Wani ɗan sanda ya tare ni da hannu.

"Mama, koma baya."

"Mijina ne can, ba shi da lafiya. Don Allah ka bar ni in kai masa..."

"In an gama kya kai masa."

Ƙarar ta fara daga nesa, ta cikin ƙasa, a tafin ƙafa na fara jin ta. Na ga kafaɗun Vinko sun ɗaga. Na ga ya buɗe baki, yadda aka koya musu don kada dodon kunne ya fashe. Furannin suka zube. Bai kalli sama ba, hagunsa ya kalla.

Kafin jiragen su iso kanmu ya riga ya kayar da magajin gari, ya kwanta a kansa, ya danne masa kai da hannu biyu.

Masu tsaron babban baƙo ba 'yan garinmu ba ne, ba su san Vinko ba, ba su san komai ba. Suka dira a kansa. Ɗaya ya murɗe masa hannu ta baya, ɗaya ya dasa masa gwiwa a haƙarƙari, aka goga fuskarsa a jikin dutsen, ƙasa kaɗan da sunan Mato. Shi kuwa ya ƙi sakin yaron, yana ta cusa shi ƙarƙashinsa. Jozo ya wurgo sandarsa yana ihu, "Kare shi yake yi, 'yan banza, kare shi yake yi!" ya taso da ƙafa ɗaya ya kife. A layin kujerun roba, wasu tsofaffi sun shige ƙarƙashin kujeru, wasu suna zaune baki buɗe, hannu a ka.

Sauran jama'a ba su gani ba. Kowa ya ɗaga kai yana tafi, jirage suna zana hayaƙi mai launin tuta, yara suna kaɗa 'yan tutocinsu.

* * *

Da la'asar aka sako Vinko, haƙarƙari a karye, leɓe a fashe. Wai magajin gari ya yafe masa, ba za a kai maganar kotu ba, in je in gode. Da muka shiga gida ya wuce kicin, ya wuce ɗakin kwana, ya ɗaga murfin katako na ɗakin ƙasa da ke ƙarshen baranda. Na riƙe masa hannun kwat, fil ya soke ni, na saki. Ina tsaye ina jin takunsa yana sauka.

Washegari da safe ina dama miyar wake aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tihomir ne, kwat jibge a hannunsa, ya riga ya zaga gidaje.

"Goggo, ina kwana. Ya jikin Kawu?"

"Ka san da jiragen."

Ya sauya kayan daga wannan hannu zuwa wancan. "Daga sama aka tsara, Goggo, ni ɗan aike ne. Kuma da na faɗa miki ai ba zai zo ba. Shi kaɗai ya rage a rundunar su Mato, ba shi, hoton ba zai yi ma'ana ba."

"To ya yi ma'anar?"

"An yanke wurin daga bidiyon. Ba a nuna ba, ki kwantar da hankalinki." Ya leƙa bayana. "Dama kwat ɗin na zo karɓa. Yau ake rufe kabad."

Na bar shi a bakin ƙofa na je na ɗaga murfin. Sanyi da ƙanshin ƙasa suka bugo ni. Can a lungu, tsakanin buhunan dankali, na hango ruwan tokar kwat ɗin.

"Vinko, sun zo karɓar rigarsu."

Sai na ji motsi, da nishin mai karyayyen ƙashi yana zare hannu. Kwat ɗin ya faɗo a gindin matakala. Na sauka na ɗauka.

"Zlata."

"Na'am, tsoho."

"Yaron nan na haguna. Ya tashi?"

"Ya tashi. Ko ƙwarzane bai yi ba."

Ya sauke numfashi mai tsawo. "To madalla. Wannan karon na riga jirgin." Sai ya ƙara da cewa, "Rufe murfin, jiragen za su dawo."

Na miƙa wa Tihomir kwat ɗin. Ya ɗaga shi yana duba kafaɗar da ta yage da jinin da ya bushe a wuya, ya tsuke baki, sannan ya ce in taimaka in cire fil ɗina, kada su soki wanda zai saka baɗi. Na zare su ɗaya bayan ɗaya yana tsaye yana jira. Ya ɗora shi a kan sauran ya tafi gida na gaba.

Na zuba miyar a kwano, na yanka burodi, na cire takalmina na bar safa. Na ɗaga murfin a hankali, na sunkuya in ajiye a kan matakala. Shatin gindin kwanon na wancan lokacin yana nan a jikin katakon, bai goge ba. Na ɗora shi daidai a kai.