Ɗinkin Battar Mode

Na cafke wuyan hannun Maccido daidai lokacin da ya ɗora bakin wuƙa a kan ɗinkin. Ban yi sallama ba, ban tuɓe takalmi ba. Tun daga tsakar gida na hango abin da yake shirin yi, na faɗa ɗakin.

"Sakam min hannu, Junaidu," in ji shi. "Ƙanena na, ba naka ba."

"Ƙanenka na, amma ɗinkin ga nawa na. Aje wuƙag ga."

Mode, ƙanen nasa, yana kwance tsakaninmu a kan tabarma, ido rufe, numfashi yana fita da ƙyar. Kwana shida ke nan ciwon haƙarƙari ya kayar da shi, tun ranar da ruwan sama ya yi masa dukan tsiya a hanyar Kalambaina, inda yake ɗauko farar ƙasa da jakunansa biyu. Battar tana rataye a wuyansa kamar kullum, 'yar ƙarama ta fatar raƙumi, cike da taba gari, bakinta a ɗinke, silin jar fata guda bakwai suna reto a gindinta.

"Dube shi hwa," Maccido ya ce. "Jikin da yas saba da abu shekara ashirin, a raba shi da shi, mi kaka zato? Rashin taba shi ka kashe shi. Ɗan kaɗan za ni sa mai ƙarƙashin leɓe, ka ga ya tashi zaune."

"Shekara bakwai rashin taba bai kashe shi ba sai yau?"

"Sannu-sannu yaka cin mutum."

Na murɗe hannun har wuƙar ta faɗi. Maccido ya girme ni, kuma a gidan ƙanensa muke, na san abin da na yi ba ladabi ba ne. Har yau ban yi nadama ba. Nadamata ɗaya ce, da ban tafi da wuƙar gida ba.

Ni baduku ne, rumfata tana jingine da katangar gidan Mode a Ƙofar Atiku, ni kuma na ɗinke battar nan da hannuna. Shekara biyu bayan tashin hankalin Satiru aka ɗebi maza a unguwarmu dakon kayan Nasara zuwa Zungeru, har da Mode. Wata huɗu ya yi. Ranar da ya dawo, ko gida bai shiga ba ya tsuguna a rumfata, ƙafafu duk faso, ya ciro battar ya aje a gabana.

"Ɗinke mani bakinta," ya ce.

Na ce in ya gaji da ita ya zubar mana, ko ya ba yayansa Maccido, wanda ko salla zai yi sai ya tofar da ta bakinsa tukuna. Sai ya ba ni labari. A hanya tabarsa ta ƙare. Kwana uku kansa kamar zai tsage, hannu yana rawa, kaya suna zamewa. Heluman da ke kora su, wato shugaban 'yan dakon, yana da batta cike. Mode ya roƙa, heluma ya ce sai ya durƙusa. Ya durƙusa. Ya ce sai ya yi rarrafe ya zagaya kayan Bature yana kukan jaki. Mode, magidanci mai gemu, ya yi, a gaban mutum sittin, aka zuba masa ɗan gari a tafin hannu ya lashe.

"Ba heluma niy yi ma rarrahe ba, Junaidu. Garin ga niy yi ma. A Zungeru nic cika ta, ban taɓa ba. In na zubar, gobe na sayo wata. So nika yi ta kwana bisa ƙirjina kullum, in nuna mata wa a ubangidan wani."

Na ɗinke, ɗinki biyu, da jijiya. A raina na ba shi kwana goma.

Watan farko ya sha wuya, mu ma mun sha tare da shi. Ya zagi jakunansa, ya zagi katangata, ya fasa tulun matarsa Balaraba a kan an bar shi a buɗe. Sai ya fara neman abin da zai cika gurbin. Asuwaki ya koma bakinsa daga asuba har magariba. Ya daina zama gindin ɗurumin ƙofar gidan Maccido, inda batta ke zagayawa hannu zuwa hannu. Da an sallame sallar asuba sai ya taka har bakin gulbi ya dawo, wai iska tana wanke masa kai. Haƙoransa da suka yi baƙi suka washe, tarin da yake tashe mu da shi ya tafi, ya yi ƙiba har Balaraba ta ƙara wa rigarsa ƙyalle. Duk Babbar Salla kuma sai ya zo rumfata in ɗaura masa sili ɗaya na jar fata a gindin battar. Miƙo wuya kawai yake yi.

Za ka zaci mutanen unguwa su yi murna. Ina. Mutum ya gyara kansa a gabanka, kai kana nan yadda kake, abin yana ci, kuma ya ci 'yan gindin ɗurumi ƙwarai. Suka sa masa suna Waliyyin Jakuna. In ya zo wucewa sai su buɗe batta su kaɗa masa ƙamshin. Wani ya taɓa barbaɗa masa a fura a wurin suna. Maccido ne kan gaba, don gani yake ƙanensa ya mayar da shi abin misali. Ni ma ban fita ba, shekarar farko na yi dariyar tare da su, sai da na ɗaura sili na biyu kunya ta kama ni.

Washegarin ranar wuƙa Juma'a ce. Kafin in tafi masallaci na leƙa. Mode yana barci, Maccido yana zaune a gefensa da tasbaha, ya ce shi zai zauna jinya, Allah ya san uzurinsa. Na dube shi, na dubi aljihunsa.

"Tahi sallakka," ya ce. "Na ji, na bari."

Na yarda da shi, wautar da na yi ke nan. Da na dawo, tun ban aje buzuna ba na ji Balaraba tana kirana ta kan katanga, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam Junaidu, taho. Yaya ya aikata. Na yi magana yac ce in koma madahi, maganam maza ta."

Na tarar da Maccido a zaure yana washe baki. "Shiga ka gani," ya ce. "Ya buɗe ido. Ba ni hwaɗa maka ba?"

Na wuce shi na shige ɗakin, don in na buɗe baki a lokacin sai an kai mu gaban alƙali. Mode yana jingine da bango, ido biyu. Battar tana kan ƙirjinsa, baki a wangale, jijiyar da na ɗinka a yanke, gari ya zube a kan rigarsa. A gefen leɓensa akwai baƙin yawu. Ƙamshin tabar shekara bakwai ya cika ɗakin.

Na tsuguna, na sa gefen rigata na goge masa baki.

"Kana barci yas sa maka," na ce. "Balaraba ta gani. Ba ka roƙa ba, ba ka sani ba. Wanga ba ya cikin lissahi."

"Ka zo da basilla?" in ji Mode.

"Tana rumhwa."

"Ɗauko. Da aska."

Na ɗauko. Ya ce in ɗinke, na ɗinke, ina bin ramukan tsohon ɗinkin inda ba su yage ba, ina huda sababbi inda wuƙar Maccido ta ɓata. Da na ƙulle sai ya kama silin nan bakwai da yatsu biyu ya miƙo mini.

"Ɗebe su."

"Ba ni ɗebewa."

"Junaidu."

"Na ce ba ni ɗebewa. Kowane guda ni niɗ ɗaura shi, na san abin da yac ci maka. Don wani wawa ya tura maka gari a baki kana kwance awa gawa, sai mu zubar da shekara bakwai?"

Ya yi tari mai tsawo, na riƙe masa kai har ya lafa. Sannan ya ce, a hankali, yana hutawa tsakanin kalma da kalma:

"Sa'ad da yas sa, ina barci, gaskiya na. Amma na hwalka tana bakina. Na san ko mi ta. Ga kasko nan kusa, in na juya kai na tohwar." Ya rufe ido. "Ban juya ba. Na riƙe ta har tan narke. Na ji daɗinta, Junaidu, har cikin ƙashina."

Na so in ce ciwo ne, zafin jiki ne, kowa ma haka zai yi. Amma mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya a kan battar nan ba, ban ga dalilin da zan fara yi masa ba. Na sa aska na yanke silin ɗaya bayan ɗaya, ina yi hawaye suna zubo mini, na haushi ne ba na tausayi ba. Na dunƙule su na sa a aljihu.

Ya shafa sabon ɗinkin da babban yatsa, kamar yadda yake yi kowace safiya.

"Yau Juma'a ko?"

"Juma'a ta."

"To, ɗaya ke nan gobe. Miƙo mani asuwakina."

Daga ranar ban sake barin ɗakin ba sai salla, ita ma a bakin ƙofa nake yi. Maccido ya zo Asabar da tasa battar, wai a ƙara masa tunda ta farko ta yi aiki. Na miƙe na cika ƙofar. Mode ya ji muryarsa, ya ce a bar shi ya shigo. Ya shigo, Mode ya ce ya yafe masa, ya kuma juya fuska bango har ya fita. Shi ya yafe. Ni ba a tambaye ni ba, kuma gara da ba a tambaya ba.

Ranar Lahadi ya tambaye ni kwana nawa, na ce biyu. Litinin da hantsi, ana jin jakunansa suna kuka a turke don ba a fita da su ba, ya ɗaga yatsu uku bai iya magana ba. Na ce uku, haka ne. Kafin azahar ya cika, asuwaki a hannunsa.

A zaman makoki, a ƙofar gidansa, a kan tabarmarsa, batta ta fito tana zagayawa. Na ji wani yana cewa ashe dai Waliyyin Jakuna sai da ya koma gida kafin ya tafi, aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa aka bi da Allah ya jiƙansa. Maccido yana share hawaye, hawayen gaske kuwa, yana gaya wa masu gaisuwa cewa da an bar shi ya ba shi tun kwana na farko da yanzu yana nan. Suna gyaɗa kai. Babu wanda ya tambayi abin da ya faru tsakanin Juma'a da Litinin, ni kuma na ga bakinsu bai cancanci jin sa ba. Da battar ta iso gabana na tashi na karkaɗe rigata na koma rumfa.

Balaraba ta aiko mini da battar Mode bayan ta fita takaba, ta ce ni na fi kowa sanin ta. Na rataye ta a jikin ginshiƙin rumfa, inda rana take taɓa ta da la'asar. Masu kawo gyaran takalmi sukan tambaya me ya sa bakinta yake da layin ramuka biyu, in ce tsohon aiki ne. Silin bakwai suna cikin zabirar kayan aikina, ƙarƙashin basilla, ban mayar da su ba, ban kuma yar ba. Jar fatar ta fara dushewa.