Gashin Taya

Malam Zakariyya'u mai sayar da kekuna a Makera ya kifa keken, ya juya feda da hannu, ya kasa kunne yana sauraren ƙarar sarƙa. Sylvanus na tsaye gefe, hannuwansa a aljihu. Matarsa Irene ce ke magana tun da suka iso.

"Malam, wannan ba irin kekunan da ka saba gani ba ne," in ji ta. "Na hawa dutse ne, giyarsa ashirin da ɗaya. Dubu ɗari biyu da arba'in na saye shi, sabo fil, da kuɗin adashina. Wata takwas ke nan kullum da safe Baban Hope yana zuwa Gonin Gora a kansa daga Kamazou, ko sau ɗaya bai taɓa ba shi matsala ba."

"Kullum, Madam?"

"Ban da Lahadi."

Sylvanus ya sunkuyar da kai. Da likita ya ce hawan jininsa ya yi yawa, dole ya riƙa motsa jiki, Irene ta fasa sayen firji ta kawo masa keken. A rana ta uku giya ta rikice masa a mahaɗar titi, ya faɗa kwalbati, 'yan acaɓa suka yi ta dariya suna cewa, "Sannu Baba, a sa maka tayar yara?" Tun daga ranar bai sake hawa ba. Yakan tura shi zuwa teburin Shehu mai shayi, layi biyu daga gida, ya zauna ya ci burodi da wainar ƙwai. In lokacin komawa ya yi, sai ya yayyafa wa rigarsa ruwan leda. Irene kuwa takan tarbe shi da tawul.

Yanzu 'yarsu Hope ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, ana neman dubu ɗari da goma kafin Juma'a. Sylvanus ne ya kawo shawarar a sayar da keken, har yana jin sauƙi a ransa.

"To, Madam," Malam Zakariyya'u ya ce, "keke da an fito da shi daga shago, rabin kuɗinsa ya tafi, ko a ɗaki aka jingine shi. Wanda kuma ya yi wata takwas yana cin wannan hanya, haƙoran giyarsa sun cinye, sai na canja sarƙa da birki. Dubu saba'in."

"Saba'in! Ka ji tsoron Allah, Malam."

"Ina jin tsoronsa. Da ba a hau shi ba, da na ba da ɗari da ashirin."

Bai kalli Irene ba sa'ad da yake faɗin haka. Sylvanus yake kallo, babban yatsansa na shafa 'yan ƙananan gashin roba da ke jikin sabuwar taya, waɗanda kwalta kan share cikin mako guda. Suna nan tsaye cir, gaba da baya.

Sylvanus ya ji zufa ta gaske na bin bayansa. In ya yi shiru, kuɗin Hope ba za su cika ba.

"Maman Hope," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ban hau shi ba."

"Me ka ce?"

"Sau uku kawai. Na faɗi, aka yi mini dariya. Wurin Shehu nake zama."

"Gumin fa?"

"Ruwan leda ne."

Malam Zakariyya'u ya duƙufa kan wani noti da ba ya bukatar ɗauri. Irene ta daɗe tana kallon mijinta. Sylvanus ya so ta yi masa faɗa, ko ta ɗaga murya mutane su taru, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba.

"A coci na tsaya na ba da shaida," ta ce a hankali. "Na ce Allah ya ba mijina himma."

Ta juya wurin mai shago. "Ɗari da ashirin ka ce?"

"Haka na ce, Madam."

Ta karanta masa lambar asusunta, ta jira saƙo ya shigo, ta sa wayar a jaka.

A bakin titi wani mai adaidaita sahu ya rage gudu yana kira, "Kamazou! Kamazou, mutum biyu!" Sylvanus ya ɗaga hannu. Irene ta kama hannun ta sauke shi.

"Da ƙafa za mu tafi."

"Daga nan? Da nisa fa, Maman Hope."

"Likita bai ce sai da keke ba."

Ta gyara ɗaurin zaninta ta wuce gaba. Ya bi ta a baya. Kafin su yi rabin hanya rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ba tare da ta waiwayo ba, ta zaro tawul ɗin nan daga jaka ta miƙa masa.