Sunan Ɗan Fari

Shekarar da sojoji suka koma bariki, har ajin yara masu otizim (larurar da ke wahalar da magana da cuɗanya) na wata makaranta a Koki sai da siyasa ta shige shi. Malam Sabo ya ce a fara da sauraro: ka ce "kawo kofi", yaro ya kawo. Malama Asibi ta ce atafau sai haɗa kama da kama, hoton akuya a kan hoton akuya. Bita ɗaya suka je, shinkafa ɗaya suka ci, amma suka dawo ko gaisawa ba sa yi.

Hedimasta, wanda ke harin kujerar kansila, ya ce yanzu mulkin farar hula ake, iyaye su zo su kaɗa ƙuri'a kan tsarin da za a bi. Yaron da za a gwada kuwa Mikail ne, ɗan farin Binta mai kitso, wanda bai taɓa kula ko ɗaya daga malaman biyu ba. In ya sake yin shiru, wani za a ba gurbinsa.

Ran gwaji Malam Sabo ya yi ta kiran kofi har muryarsa ta dishe. Malama Asibi ta baje katunanta, har da hotunan 'yan ajin. Mikail na gefe yana juya murfin kwalba, bai ma san suna yi ba.

"Maman yaro, ke kira shi da sunansa mana," in ji Malam Sabo.

Wace mai kunya ce za ta ambaci sunan ɗan fari, ga surukarta zaune a benci? Tun haihuwarsa "wannan yaron" take cewa. Hedimasta ya duba agogo, ya fara miƙewa. Wallahi ni da ke zaune cikin iyaye ta ba ni tausayi.

"Mikail," in ji Binta.

Murfin ya tsaya. Yaron ya tashi, ya tsallake hoton akuya, ya ɗauki nasa hoton, ya zo ya ajiye a cinyarta.

"Sauraro!" Malam Sabo ya daka tsalle.

"Ji tsoron Allah, Malam, haɗawa ya yi!" in ji Malama Asibi.

Da aka ƙirga, ƙuri'u sun fi iyayen yawa. Gurbin Mikail dai ya tsira, don kowane ɓangare na son riƙe shi hujja.

Binta ba ta tsaya jin sakamako ba, ta bar surukar tana salati a bayanta. Ta riƙe hannunsa suka shiga lungu, tana share hawaye tana faɗin sunan a hankali. Ba kowane kira yake juyowa ba, amma har ƙofar gida ba ta daina ba.