Layin Ƙarshe a Sanarwar Rasuwar Ummu Gassan

Da hantsi Ummu Gassan ta cika, kuma kafin gawarta ta yi sanyi 'ya'yanta biyu suna tsaye a shagon Abu Zuhair mai buga takardu, suna jayayya a kan sunan na ukun.

A Tarabulus, arewa da Beirut, mutum bai gama mutuwa ba sai an liƙa sanarwarsa a bango. Sunan mamaci a sama da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa 'ya'ya, sai 'yan'uwa, sai surukai. Mutanen unguwa kuwa, Allah ya shirye su, ba sunayen da ke ciki suke karantawa ba, wanda babu suke nema. Duk wanda aka tsallake, gari ya san an yafe shi.

Suhail, autan gidan, ya bar garin ya koma Beirut tun ranar da suka ba hammata iska da yayansu Gassan a gaban mahaifiyarsu. Daren jiya tsohuwar ta riƙe hannun 'yarta Nuhad ta ce, "Ki sa sunansa." Nuhad ta kira shi da safen nan tana kuka. Ya ce, "Zan taso. In na ga sunana a bango zan shigo. In ban gani ba, na san matsayina, kada wanda ya ƙara nemana."

"Ba zai shiga layin 'ya'ya ba," in ji Gassan. "In dole ne, a jefa shi can ƙasa, bayan surukai."

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Wasiyyar Mama ce fa."

"Na ce can ƙasa."

Nuhad ta haƙura. Ƙasan ma ai suna ne. Ta zauna gaban kwamfutar shagon ta rubuta, sai layin ya ƙi zama, ya zame shafi na biyu shi kaɗai.

Abu Zuhair ya leƙo ta saman tabarau. "'Yata, danginku sun fi ƙarfin takardar. Ku rage sunan marigayiya kaɗan, kowa ya samu wuri."

"A rage sunan uwata saboda wancan?" Gassan ya buga tebur. "Sai an karanta shi daga tsallaken titi!"

"To ku cire suruki ɗaya. Akwai wanda ba kwa so?"

Babu wanda ya yi dariya. Abu Zuhair ya ɗaga kafaɗa ya koma wajen wani mai katin biki.

Nuhad ta kama iyakar shafin ta ƙasa ta ja ta, ta ƙara ja, har farin gefen ya ɓace gaba ɗaya. Sunan Suhail ya hauro ya zauna a bakin takardar daram. Wani ɗan akwati ya fito a allon yana cewa rubutu ya wuce inda injin ke iya bugawa, ko a ci gaba? Amma ga sunan nan tana ganinsa da idonta, ga wayarta tana ruri, mata na jiranta a fara wanka. Ta danna a ci gaba, ta fita da gudu. Gassan ne ya kwashi takardun da ɗuminsu ya miƙa wa masu liƙawa.

Duk tsawon wankan hankalinta na kan akwatin nan. Tana zuba wa mahaifiyarta ruwa, wani tsoro na cin ta wanda ba na mutuwa ba ne.

Ana kiran azahar ta fito ƙofar gida. Ga sanarwar a bango, sunan Mama ƙato, baƙi wuluk. Ta bi layukan da ido har ƙasa. Surukai ne ƙarshe. Ƙarƙashinsu sai wasu 'yan ɗigo-ɗigo, kawunan haruffan da injin ya yanke, kamar kashin ƙuda.

Ta fizgi biro daga aljihun wani mai gaisuwa ta fara rubuta sunan da hannu. Gam ɗin bai bushe ba, takardar ta yage. Ta wuce ta gaba, ta jikin masallaci, ta shagon mai gashin burodi, tana rubutawa tana gudu, mayafinta na jan ƙasa, mutane na binta da kallo. Wadda take tsoro ita ce ta bakin titi, inda motocin Beirut ke sauke fasinja.

Ta iske ta lafiya lau, ba yaga ko kaɗan, sai shatin yatsa a gefen ƙasa inda wani ya shafa gam ɗin.

"Ke ce 'yar marigayiya?" in ji mai gahawar da ke zaune a gindin bangon. "Allah ya jiƙanta. Wani ya sauka ɗazu da jaka, baƙaƙen kaya a jikinsa. Ya daɗe a nan tsaye. Har ɗaga gefen takardar ya yi yana duba bayanta."

"Ina ya yi, Baba? Ina ya bi?"

"Motar da ta kawo shi ya sake tsayarwa. Na miƙa masa gahawa bai karɓa ba." Tsohon ya gyara butarsa a kan garwashi. "Ya dai ce in wata ta zo tambaya, in gaya mata ya karanta."