Makullin Wendell

Shekara talatin da ɗaya Wendell Kozak ya yi yana tuƙa motar janwe a babbar hanyar Toledo, kuma ba abin da ya tsana irin masu rage gudu don su leƙa haɗari. Mota biyu sun gogi juna a gefe, hanya a buɗe, amma sai ka ga layi mil huɗu, kowa ya miƙo wuya kamar ana rabon wani abu. Wani irinsu ne ya buge abokin aikinsa Lonnie har lahira, yana durƙushe yana ɗaura sarƙa.

Yanzu shekarunsa saba'in da tara, likita ya fara shakkar tuƙinsa. Sai suka yi sharaɗi da 'yarsa Darlene: in ya kai ta kanti ya dawo da ita lafiya, makullin mota na nan a aljihunsa.

"Baba, ka ga cunkoso. Me ya faru?"

"'Yan kallo ne. Haɗarin ma a wancan hannun yake."

"Kai dai komai ka sani."

"Yarinya, tun kina rarrafe nake bin hanyar nan."

A wancan hannun yake kuwa. Wendell bai damu da motar da ta lotse ba. Fitilar janwe ya hango tana juyawa, ya jiyo ƙarar sarƙa, sai kewa ta kama shi. Ya tuna safiyoyin ƙanƙara, kofi mai zafi a murfin fulas, Lonnie na waƙa da muryarsa mara daɗi. Ga mai janwen can ya ba hanya baya, abin da su ba sa taɓa yi.

"Kai! Juyo mana!" in ji Wendell.

Bai san sa'ad da ƙafarsa ta taka birki ba. Tayoyi suka yi ƙara a baya, hon ya ɓarke ta ko'ina. Saura ƙiris motar da ke bin su ta shige musu.

Ya sauka daga hanyar, ya tsaya a wani gidan mai. Ya zare makullin ya miƙa mata.

"Baba, ai ba wanda ya ji ciwo."

"Wanda ya kashe Lonnie ma ɗan leƙe kawai ya yi."

Ya fita, ya zagaya a hankali, ya buɗe ƙofar ɗaya gefen.