Hoto Na Ashirin Da Ɗaya

Ba ni da bakin yi wa Wendell Prusak dariya, don ni ma sai da na cire tabarau na goge ido a gaban hoton nan, har da jan hanci. Amma tunda shi ya fasa gilashin, ba ni ba, ta kansa labarin zai bi.

Yana kan tsani ne, ƙusa biyu a baki, guduma a hammata, lokacin da hoton ya suɓuce masa. Ya faɗi ta kusurwa, gilashin ya tarwatse a barandar da ke tsakanin azuzuwa da ɗakin cin abinci. Wendell ya tsaya a sama yana kallon ƙasa. Cikin hotuna ashirin da suka zo a akwatin haya, saboda wannan kaɗai ya ɗauko wa kansa wahalar.

Shi ne mai kula da laburaren firamaren garinmu, mutum mai sanƙo da rigar sanyi ruwan ƙasa wadda ta girmi rabin ɗalibansa. Tun da suka rabu da matarsa Darlene, 'yarsu Coralee ke yin mako gidan uwa, mako gidan uba. A farkon zango malamar ajinsu ta raba wa yara takarda mai zanen gida, ta ce kowa ya zana mutanen gidansu a ciki. Coralee ta ɗaga hannu ta ce a ƙara mata takarda, ɗaya ba za ta ishe ta ba. Aji ya kwashe da dariya. Tun daga ranar, duk Juma'ar da za ta canza gida, sai ta shigo da jakar kayanta ta ƙofar baya ta cusa ta ƙarƙashin teburin laburare, kamar wadda ta sato.

Ana nan sai Wendell ya ji labarin wata ƙungiya da ke ba makarantu hayar hotunan iyalai iri-iri, baƙi da fari, kowanne da ɗan kati mai ɗauke da maganar masu hoton. A cikinsu akwai wani uba da 'yarsa zaune a bayan mota a gidan mai, jaka a tsakaninsu, suna jiran uwar ta zo ɗaukarta. Shi ne hoton da ya suɓuce masa. Ya bi kwamitin iyaye da naci har suka gaji, aka toya kek aka sayar, aka wanke motoci, kuɗin haya ya haɗu. Sharaɗi ɗaya ya rage. Misis Lorraine Kubiak, shugabar hukumar makarantun gari, za ta zo ta gani da idonta kafin a buɗe da yamma. In ta girgiza kai, hotuna su koma akwati.

Shugabar makaranta, Renata, ta leƙo daga ofishinta.

"Wendell, me ka kashe?"

"Gilashi ne kawai. Hoton bai ji ciwo ba."

"Wanne?"

Ya nuna mata. Ta rufe ido.

"Ashirin Allah ya ba ka ka zaɓa, ka zaɓi wannan. Lorraine na zuwa bayan cin abincin rana. Ka san ta, in ta ga fili a bango za ta ce mun ɓoye wani abu ne."

"Zan sayo sabon firam. Yanzu-yanzu."

"Ka auna tukuna."

"Na auna da ido."

"Da idon da ka riƙe hoton?"

Bai auna ba. Ya kwantar da hoton a kan fiyanon da ke barandar, ya share gilashin, ya fizgi mota sai babban kantin da ke bakin gari. A layin firam ne idon nasa ya ba shi kunya, ya rasa ko babban ne ko mai bi masa, sai ya ɗauki duka biyu. Kamar kowane firam da ake sayarwa a kanti, kowanne da hotonsa na talla a ciki. Wendell ko kallo bai yi musu ba. Wa ke kallon waɗannan mutanen?

Da ya dawo, ya bar ƙaramin a mota, ya yage ledar babban, ya rataye shi a ƙusa don ya ga ko igiyar za ta riƙe. Ta riƙe. Ya ja da baya yana duba ko ya miƙe, sai ya ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a bayansa.

"Wendell, ɗan Marge. Har yanzu ba ka koyi soke riga a wando ba?"

Misis Kubiak ta zo da wuri, kamar yadda ta saba zuwa ko'ina, har da jana'iza. Ita ta koya wa Wendell waƙoƙin coci yana ɗan yaro, kuma ba ta ga dalilin da sanƙo zai canza komai tsakaninsu ba. Renata na biye da ita da kofin kofi, fuskarta kamar ta mai rakiyar mara lafiya.

Misis Kubiak ta fara daga hoton farko, jaka a gwiwar hannu. Kaka da jikoki uku. Wasu tsofaffin ma'aurata da yaron da suka ɗauko daga wata ƙasa mai nisa. Gidan kurame suna hira da yatsu a kan teburin abinci. Uba a keken guragu, jariri a cinya. Tana karanta kowane kati har ƙarshe, tana motsa leɓe, tana cewa "hm". A garinmu kowa ya san "hm" ɗin Misis Kubiak. Da shi ta rufe wurin wankan yara shekarar bara.

"Ka fahimce ni, yaro," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ni ba ni da matsala da kowa. Mutanen kirki ne duka, na tabbata. Amma ina mutane irinmu? Ina uba, uwa, 'ya'ya, kowa a gida ɗaya? Ko su yanzu ba iyali ba ne?"

Ita dai Misis Kubiak ta binne miji ɗaya, ta kori na biyu, kuma jikanta take riƙo tun yana goye. Renata da yayarta da tsohuwarsu suke zaune. Babu wanda ya ga ya dace ya tuna mata.

"Ba na jin zan iya sa hannu a kan..." ta fara. Sai ta tsaya.

Ta iso gaban sabon firam.

Sai a lokacin Wendell ya kalli mutanen da ya sayo. Uba dogo mai cikakken gashi da haƙora kamar an jera su da ma'auni. Uwa ta jingina da kafaɗarsa, iska na wasa da gashinta. Yaro ɗaya, yarinya ɗaya, kare ɗaya, duk a bakin teku, duk da fararen riguna ban da karen. Hoton baƙi da fari ne, irin sauran sak. A kusurwar ƙasa kuma, da manyan lambobi, an buga tsawon firam ɗin da faɗinsa.

Wendell ya yi tsalle ɗaya ya dafa kusurwar da tafin hannu, kamar mai hutawa.

"To," in ji Misis Kubiak, muryarta ta yi laushi. "To. Ashe akwai su."

"Misis Kubiak, gaskiyar ita ce wannan..."

"Kofi, Lorraine?" Renata ta ce da ƙarfi, ta taka masa ƙafa.

"Dubi yaran nan. Ka ga tarbiyya tun daga tsayuwa. Ina katinsu? Me suka ce?"

Wendell ya tuna da jakar Coralee da ke ƙarƙashin teburinsa.

"Ba su ce komai ba."

"Ka ji masu hankali. Wanda gidansa ke lafiya ba ya dogon bayani. Ya sunansu?"

"Ba su ba da suna ba."

"Kunya ke nan. Yanzu ina ake samun ta?" Ta matso har numfashinta ya taɓa gilashin. "Amma mutumin nan na san shi. Tsaya. Ba shi ke karɓar kuɗin sadaka a cocin garin gaba ba?"

"Irin fuskar nan gare shi da ake gani ko'ina," Wendell ya ce. A duk yinin, nan ne ya faɗi gaskiya tsagwaronta.

"Sauke hannunka daga kan hoton mutane, za ka bar musu maiƙo."

"Ƙusar ce ba ta zauna ba. Ina danna ta."

"Ƙusa a ƙasa take?"

"Sabon salo ne, Lorraine," in ji Renata. "Haka masu hayar suka ce."

Misis Kubiak ta gyara jakarta. "A buɗe. Amma ni zan yi jawabi, kuma a nan zan tsaya, gaban waɗannan. Kada a matsar da su ko taƙi ɗaya."

Sai da ƙarar takalminta ta ɓace Wendell ya sauke hannu, hannun ya sandare har kafaɗa. Renata ta shiga aji na ɗaya ta ciro wani ganyen itace na jar takarda da yara suka yanka, ta manna shi a kan lambobin. Don kada ya yi fice, suka bi sauran hotunan suna manna wa kowanne ganye.

An tsira, amma Wendell bai ji daɗi ba. Baƙin bakin tekun sun cinye ƙusar, sun cinye firam ɗin. Uban da 'yarsa na nan kwance a kan fiyano, ba gilashi, ba wuri.

"Mayar da shi akwati," Renata ta ce. "Za a ƙirga ashirin a bango, an gama. Masu hayar ma sun ce ba a rataye hotonsu tsirara."

"Zan kira su in faɗa musu abin da na yi. Su zage ni."

Ya zauna ya tsince ragowar gilashin daga tsohon firam da ɗan hantsaki. Babu sauran fili a layin sai wani ɗan lungu kusa da famfon shan ruwa, ƙarƙashin ƙararrawar gobara. Nan ya buga ƙusa, ƙasa-ƙasa, inda babba sai ya sunkuya.

Da aka tashi makaranta iyaye suka cika baranda, kowa da farantin biskit ɗin da ya toya, kowa na cin na wani. Misis Kubiak ta tsaya gaban iyalin bakin teku ta yi jawabi. Ta ce ku dubi yadda uban nan ya riƙe kafaɗar matarsa, wannan riƙo na shekaru ne, ba a koyonsa rana ɗaya. Ta ce ta san sun sha wuya kamar kowa, amma ba su saki juna ba. Muryarta ta karye a nan, kuma ba wasa take ba. A nan ne na cire tabarau.

Wendell na can baya, wajen famfo, sai ya ji an ja masa hannun riga. Darlene ce, ta zo miƙa masa Coralee, tana tauna cingam.

"Wendell. Mutanen can."

"Na'am?"

"Kada ka yi min na'am. Su ne suka zauna a bangon falonmu shekara da shekaru, don ka ƙi saka hoton aurenmu a firam ɗin da innata ta ba mu. Har suna na sa wa karen."

"Darlene, don girman Allah."

"Ni na ce wani abu? Gaisawa kawai na yi da tsofaffin maƙwabta." Ta hura cingam ya fashe. "Kai za ka kai ta wajen likitan haƙori ranar Talata. Da ta gaba."

"Na ji."

Coralee ba ta sauraronsu. Ta zo shan ruwa ne, ta ɗago baki jiƙe, sai ga hoton daidai fuskarta. Ta daɗe tana kallo. Ta karanta katin da yatsa, layi-layi. Sannan, da yake babu gilashin da zai hana ta, ta ɗora yatsan a kan jakar yarinyar.

"Baba, tata ma zif ɗin ya lalace."

"Na gani."

"Shi ma baban yana da tumbi."

"Ban lura ba."

"Irin naka ne. Naka ya ɗan fi." Ta juya ta hango wata 'yar ajinsu. "Marnie! Zo ki ga. Mu ke nan."

Coralee ta ruga laburare. Da ta fito jakar na bayanta, zif a buɗe, ƙafar wandon barci na lilo a waje, ta bi ta tsakiyar iyaye da ita har ta ture wa wani biskit. Wendell ya sunkuya ya sha ruwa a famfon yara, ya daɗe yana sha.

A wajen ajiye motoci Misis Kubiak ta tare shi. Ta ce in hayar ta ƙare ya tambayi ƙungiyar ko za su sayar mata da kwafin hoton nan, tana so ta sa a ofishinta, a riƙa tunawa da yadda gida yake. Wendell ya ce yana jin za a samu, har ma ya san inda za a tambaya.

Ya buɗe bayan mota don ya saka jakar Coralee. Ƙaramin firam na nan cikin ledarsa, fuska sama. Mutumin ne dai, da gashinsa da haƙoransa da farar rigarsa, a bakin tekun nan. Matar daban ce, yaran ma daban.