Ɗan Barewa a Bayan Inna

Wata na uku ke nan ina koyon aiki a sashen wayar da kan baƙi na gandun namun daji, kuma har na fara jin kaina. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Mota ta sauke mutane a bakin ƙofa, ko 'yan makaranta, ko ƙungiyar mata, ko ma'aikatan wani ofis da suka fito shan iska, ni kuma in tarbe su in shigar da su wani ɗaki mai benci goma sha biyu da fanka guda da ke juyawa in ta ga dama. Nan zan yi musu bayani na minti ashirin kafin a zaga da su. A kan teburina akwai ƙoƙon kan kura, da ƙayar beguwa, da saɓar maciji cikin kwalba, da wani buhu cike da tarkon waya da masu gadin daji suka kwance.

A gida, yayana cewa yake na yi shekara huɗu a jami'a don in zama 'yar aiken birai. Umma kuwa tambayarta ɗaya ce kullum in na dawo, ko na wanke hannu da sabulu. Ni ko a jikina, domin Allah ya hore mini baki. Ma'aikatan wurin ma Rediyo suke kirana, kuma ina amsawa.

Shugaban sashenmu, wanda ake kira Malam Doka a bayan idonsa, shi ya rubuta takardar bayanin, shafi biyu manne cikin leda. Gaskiya ce zalla a ciki, amma a bushe take ƙayau. Ranar da na fara karanta ta yadda take, sai da wani malamin makaranta ya yi minshari a bencin baya. Daga nan na fara yi mata aski. Na cire wannan, na taƙaita wancan, na sa labarin Auta a tsakiya.

Auta wata barewa ce da muke da ita a shinge. Tarkon waya ya kashe uwarta, masu gadi suka same ta tsaye kusa da gawar tana neman nono, aka raine ta da kwalba. Idan na zo wurin nan sai in rage murya, in ɗaga tarkon sama, in yi shiru kaɗan. Mata su share ido, maza su yi gyaran murya, in na gama a tafa. Ba zan ɓoye ba, tafin nan yana yi mini daɗi har cikin ƙashi.

Abin da na cire shi ne sakin layi na ƙarshe. Cewa yake uwar barewa takan ɓoye ɗanta cikin ciyawa ta tafi kiwo nesa kaɗan, ta riƙa dawowa tana ba shi nono. Saboda haka duk wanda ya ga ɗan barewa kwance shi kaɗai, ba maraya ba ne, ya bar shi inda yake. Ni a ganina, bayan mutane sun gama hawaye, ka ce musu su wuce su bar jariri a daji, ka ɓata komai ke nan.

Wata rana Malam Doka ya zauna a baya ya saurare ni. Da baƙin suka fita ya ce, "Kin tsallake ƙarshen."

"Lokaci ne ya ƙure, Malam."

"To ki rage kukan, ki bar ƙarshen."

Na ce to. Na yi kwana biyu ina faɗa, na koma ruwa.

Ranar wata Alhamis da hantsi, ina goge benci, mai gadin ƙofa ya leƙo ya ce wata tsohuwa tana neman yarinyar nan mai labarin barewa. Na fita ina gyara ɗankwali. Ina ganinta na gane ta. Mako biyu da suka wuce ta zo cikin ƙungiyar matan wani ƙauye da ke gefen gandun, ta zauna a bencin gaba, ita ce ta fi kowa kuka. Sana'arta itace. Siririya ce, ƙafafunta duk taɓo, zufa ta jiƙa mata wuyan riga, ga goyo a bayanta.

"Sannu da zuwa, Inna. Jika aka kawo ganin dabbobi?"

Ta yi dariya ta juya mini baya. Kunnuwa biyu dogaye na gani sun leƙo ta saman zanin, da hanci baƙi mai laima.

"'Yata, maraya na kawo miki," in ji ta, fuskarta cike da murna. "Jiya da safe na je itace na gan shi ƙarƙashin wata ƙaya, ya dunƙule, ko motsi ba ya yi. Na duba gabas na duba yamma, babu uwa. Na ce wayyo, irin na yarinyar nan ne. Da can da na wuce abina, amma maganarki ta zauna mini a rai."

Nan take na tuna sakin layin da na cire.

Ta ci gaba da ba ni labari tana kwance goyon. Ta samo madarar shanu wurin maƙwabta ta ba shi da cokali, sai dai tun jiya da yamma cikinsa ke gudu. Masu mota biyu sun ƙi ɗaukarta da dabba, don haka tun da gari ya waye take tafe a ƙafa. Ta miƙo mini shi da hannu biyu. Bai fi nauyin kaza ba, ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya.

Malam Doka ya fito daga ofis. Na sunkuyar da kai ina jiran saukar faɗa, amma ko kallona bai yi ba. Ya rusuna ya gaida Inna, ya sa aka kawo mata kujera da ruwa, ya aika a kira likitan dabbobi. Likita ya ja fatar wuyan ɗan barewar, ya duba ido, ya ɗura masa ruwan gishiri da sukari. Ya ce madarar shanu ba ta karɓe shi ba, jikinsa ya yi sanyi. In za a mayar wa uwar, to yau ne, domin ba lalle ba ne ta ci gaba da zagayen wurin bayan kwana biyu.

Malam ya ja ni bayan ɗakin da nake bayani. "Kin san abin da ake gudu?"

"Na sani, Malam."

"Faɗi in ji."

"In uwar ba ta karɓe shi ba, ko ya mutu, ko ya girma a shinge. In ya saba da mutane ba za a iya sakinsa ba har abada."

"To. Ke kika fara yi wa matar nan bayani, ke za ki ƙarasa mata."

Na koma na tsaya gaban Inna. Ni da ake kira Rediyo, abin da na iya cewa kawai, za mu koma wurin mu gwada, ko Allah zai sa uwar tana kusa.

"Ai babu uwa, 'yata. Na duba fa." Ta ɗan ɓata fuska, amma ta miƙe. "Mu je dai, ku ne masu ilimin."

Muka shiga motar gandu, Inna a gaba riƙe da shi a cinya. Inda hanya ta ƙare muka sauka muka taka. Ba ta yi ko kuskuren taku ɗaya ba, kai tsaye ta kai mu gindin ƙayar, ciyawar ma tana nan a kwance inda ya dunƙule. Malam ya taɓa ni da gefen sandarsa ya nuna ƙasa. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasar da taushi. Sawun kofato ne ƙanana, sun zagaye ƙayar, sun tafi, sun dawo, sun sake zagayewa, wasu kan wasu har ba sa ƙirguwa. Sawun uwar ne.

Aka kwantar da ɗan barewar, muka ja da baya sosai zuwa gindin wata bishiya ta inda iska ba za ta kai warinmu ba. Malam ya ba ni madubin hangen nesa ya ce kada in sauke shi daga idona.

Daga azahar muka fara jira. Cinnaku suka gane mu tun da wuri. Inna ba ta iya shiru ba, sai raɗa take mini: akuyarta mai satar wanki, surukarta da ba ta iya ɗaura goyo ba sai ka ce an rataya jaka, jikanta da ya ce shi direban jirgi zai zama alhali tsoron keke yake. Malam yakan ɗaga mata hannu, ta rufe baki, bayan minti biyar ta ɗora daga inda ta tsaya. A wani lokacin da na sha dariya. Ranar kuwa kowace maganarta ƙara mini nauyi take, don na ga irin matar da na sa ta yi wannan aiki.

Sau biyu ɗan barewar ya yi kuka, siriri, da ƙyar ya iso inda muke. Bayan la'asar ciyawa ta motsa can gefe, na riƙe numfashi har ƙirjina ya yi zafi. Zabin daji ne guda uku, suka wuce suna tsattsage ƙasa. Ban taɓa jin haushin tsuntsu kamar ranar ba.

Rana ta yi ja. Malam ya duba agogo ya ce a hankali, "Ba za mu bar shi ya kwana ba. Ba shi da ƙarfi, dila zai riga uwar zuwa." Na roƙe shi minti goma, ya ba ni sha biyar. Babu abin da ya fito.

Sai Inna ta taɓa gwiwata.

"'Yata, in tambaye ki. Jiya da na goya shi na juya, na ji wani abu a bayana cikin ciyawa yana huci, kamar mai atishawa, yana buga ƙasa. Har bakin hanya ina jin sa. Na ɗauka mugun abu ne ya biyo warin jariri, na ƙara sauri." Ta kalle ni. "Ita ce ko?"

Na waiwayi Malam. Ya juyar da kai yana kaɗe cinnaku daga wandonsa. Da na ce tsuntsu ne, da ta yarda, domin ta yarda da duk abin da na taɓa gaya mata.

"Ita ce, Inna."

Na faɗa mata duka. Yadda barewa ke ɓoye ɗanta, da cewa an rubuta hakan a takardar da aka ba ni, da cewa ni na cire shi. Na ce ba laifinta ba ne, nawa ne. Ta tambaye ni dalilin da ya sa na cire. Na ce don mutane sun fi tafa mini in na tsaya a wurin kuka. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma hawayen da na saba sa wasu yi ya zo mini babu shiri.

Ba ta ce mini "ba komai" ba. Ba ta kuma zage ni ba. Ta zauna tana kallon tafin hannunta.

"Bakwai na haifa," in ji ta can. "Biyu na rasa. Amma ni na ga inda aka kai nawa."

Ta dafa bishiyar ta miƙe. Malam ya yi nufin zuwa ɗauko ɗan barewar, ta ce ya bari, ita ta ɗauke shi daga nan, ita za ta sake. Muka bi ta a baya. Ta durƙusa ta ɗaga shi, ta aza a baya, ta ja zani ta ɗaure. Maimakon ta nufi mota, sai ta fuskanci dajin ta ɗaga murya.

"Baiwar Allah, in kina ji, ban sani ba ne. Ki yafe mana. Za a kula miki da shi."

Ta tsaya tana saurare, mu ma muka tsaya, har sauro ya fara cizo. Sannan ta gyara goyon ta ce, "Mu tafi, 'yata, duhu na yi."